Abin da Ban Gaya wa Majo Ba

Duk Birnin Konni, daga bakin kasuwa har shingen duwan, wato kwastan bakin iyaka, babu wanda bai san yayana yana shan giya ba. 'Yan kabu-kabu sun sani, domin su ke kawo shi gida. Mai shayin bakin tasha ya sani. Jakin maƙwabcinmu ma ina jin ya sani, don sau biyu yana jan amalanken da aka ɗoro shi a kai. Gida ɗaya ne tak labarin bai isa ba, shi ne namu. A gidanmu Yaya ba ya shan komai, gajiya ce take yi masa yawa. In ya shigo yana dafa bango, Inna ta ce gajiya. In ya ɓingire a zaure da takalmi a ƙafa, gajiya. Ni dai ban taɓa jin gajiya mai warin kwalba ba sai a gidanmu.

Wanda ya kafa wannan doka shi ne Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda gida ya koma hannunsa bayan rasuwar Baba. Dogo ne, mai farar riga kullum, yana sayar da huluna da tasbaha a kasuwa. Limamin masallacin unguwarmu ya tsufa, ana neman wanda zai zama na'ibinsa, Baffa kuwa ya sa wa wannan matsayi ido tun kafin a fara maganarsa. Da ka ce masa katangar gida za ta faɗo a kanmu, zai ce Allah ya kyauta. Amma ka ce masa an ambaci sunan gidan a majalisar mai shayi, a ranar ko tuwo ba zai wuce masa ba.

Ni a lokacin bazawara ce. Aurena ya mutu a Malbaza, na dawo gida da keken ɗinkina da bakina, su kaɗai na tsira da su. Yaya ne ya je ya ɗauko ni a kan babur na aro. Ya ɗaure keken a baya da roba, ya ce in riƙe da kyau, har muka iso bai tambaye ni laifin wa ne ba. Duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, a riƙe wannan. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, don haka duk takardar da ta shigo gidan da rubutun Faransanci, ni ake miƙa wa.

Makanike ne, kuma gwani. Mota tana tahowa daga nesa zai karkata kai ya gaya maka abin da ke damunta. Shansa ya daɗe, amma da ɗan dama-dama. A farkon shekarun dubu biyu, da aka rufe gidajen giya a hayin Najeriya, sai masu ƙishirwar can suka gano hanyar garinmu. Ka gan su da yammacin Juma'a cikin manyan motoci, su tuɓe babbar riga su ninke su bari a kujerar baya, don kada ta ga inda za su. Motocin nan kuwa suna lalacewa, Yaya yana gyarawa, masu motar suna nuna godiya da abin da ya kawo su. Kafin shekara biyu ya zama wanda in bai sha ba hannunsa ba ya iya riƙe sifana.

Ana haka ya faɗo daga saman motar albasa a hanyar Galmi, kansa ya bugi kwalta. Aka ɗinke, ya warke, muka yi sadaka. Bayan damina ɗaya sai ya yanke jiki ya faɗi a gareji, yana shure-shure, kumfa a baki. Abokan aikinsa, maza masu gemu, suka watse suka tsaya daga nesa, wai kada yawunsa ya taɓa su su ɗauka. Wata mai sayar da ƙosai ce ta janye masa kai daga bakin ƙarfe. Farfaɗiya ta shigo gidanmu ke nan.

Baffa ya ce iska ce. Aka kai shi wurin wani malami a Tajaye, aka dawo da galan na rubutu da ƙullin hayaƙi mai sa kaji tari. Wata biyu muna turara shi kamar sabon ɗakin amarya, yana faɗuwa abinsa. Inna ce ta gaji ta yi kuka a tsakar gida, sannan Baffa ya yarda a je gidan likita, bisa sharaɗin shi zai yi magana.

Babban ma'aikacin gidan likitan unguwarmu muna ce masa Majo. Gajere ne, mutumin gabas, Hausarsa ba irin tamu ba ce, kuma ba ya gaggawa. Ya duba tabon kan Yaya, ya tambayi yadda faɗuwar take zuwa, ya rubuta. Sai ya ɗago ya ce, "Yana shan giya?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Baffa ya gyara zama har benci ya yi ƙara.

"Giya? Gidanmu? Majo, ka san ko jikan wa na wanga? Kakanai shi yag gina masallacin unguwarmu da hannunai."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Majo. "Ni ba liman ba ne, Malam, ba hukunci zan yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Babu abin da munka ɓoye."

Majo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko ƙwayar maganin, fara 'yar mitsitsiya, ya ɗora a tafin hannunsa, ya yi bayani a hankali yana kallon Yaya, kamar Baffa ba ya wurin. Ya ce aikin ƙwayar nan shi ne ta kwantar da ƙwaƙwalwa don kada ta zabura, giya ma kwantar da ita take yi, in suka haɗu da ƙarfi sai barci ya yi nauyi, numfashi ya yi ta ja da baya, wani ba ya farkawa. Ya ce ba a tsallake ta ko rana ɗaya, domin tsallakewar kanta tana jawo faɗuwa. Har mun miƙe ya ƙara da cewa, mutumin da jikinsa ya saba da sha mai yawa, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu jiki zai hau rawa, faɗuwa ta biyo baya ko da bai taɓa farfaɗiya ba. Irin wannan in zai bari, ya zo su taimake shi ya bari. "Na faɗa ne kawai," in ji shi, "ko kun san wani."

A hanya Baffa ya yi tsaki ya ce mutanen gabas ba su da kunya. Ni kuma ina bayansu riƙe da takarda da ƙullin ƙwaya, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

Wata na farko faɗuwar ta yi sauƙi. Daga nan ta dawo, kuma ta dawo da tsari, kamar mai bin ranar kasuwa. In bai faɗi ran Lahadi ba, zai faɗi ran Litinin. Wata rana ina wanke masa riga na ji kwalin ashana a aljihu, na buɗe, sai ga ƙwayoyi a jere, sun fi goma. Na same shi a gindin itacen bedi yana wanke wani ƙarfe da fetur, na ajiye masa kwalin a gaba.

Ko gezau bai yi ba. Har wani murmushi ya yi na mai ilimi.

"Ke ba ki ji abin da Majo yac ce ba? Cewa ya yi kar a gama su. To ban gama su ba. Litinin zuwa Alhamis, ƙwaya. Juma'a da Asabar da Lahadi, ni huta mata."

"Ya kuma ce ba a tsallake ta, Yaya."

"Waccan hwaɗuwa ta kawai. Gamawa kuwa mutuwa ta. Wace kika zaɓa min?"

Kun ji fa. Mutum ya zauna ya raba wa guba da magani kwana, yana jin ya fi likita wayo. Gudun gara ya kai shi gidan zago, yana murna ya tsira. Na zage shi iya abin da ƙanwa take iya zagin yayanta, ya saurare ni har na gama, ya mayar da kwalin aljihu. Abin da ban yi ba shi ne in ɗauki mayafina in koma wurin Majo. Minti goma ne da ƙafa daga ƙofar gidanmu.

Mashayan garinmu suna da wata al'ada, kuma suna riƙe da ita fiye da yadda suke riƙe da salla. Sun ji ana cewa wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa sai bayan kwana arba'in. Sai suka yi lissafi irin nasu: in ana saura kwana arba'in azumi, wajen ashirin ga watan Azumin Tsofaffi, kowa ya ajiye kwalba, don watan Ramalana ya same shi fes. Su yi ta daurewa har a yi Salla. Washegarin Salla kuwa su koma su rama duk abin da suka yi asara. Wai su nan sun gano ƙofar baya ta shiga Aljanna. Yaya yana cikin manyan malaman wannan mazhaba. Shekarun baya in ya yanke, rawar hannu yake yi da gumi da faɗa da kowa na kwana uku, shi ke nan.

A wannan shekarar, gero ya fara fitar da kai, ranar ta zo, ya yanke. Kwana na biyu ya faɗi a bakin rijiyar masallaci yana alwalar azahar, a gaban jama'a. Kafin rana ta faɗi ya ƙara biyu a gida. Harshensa ya dare, haɓarsa duk jini.

Baffa ya tara mu a tsakar gida ya yi mana fassara. Ya ce wannan alheri ne, shaiɗanin kwalba ne yake fita, kuma ba ya fita sai ya kayar da mai shi. Ashe dai ya san da kwalbar. A cikin gida, da ƙofa a rufe, ya san ta har ya san shaiɗaninta. Inna ta ce ko shaiɗan ne ko uban shaiɗan, gobe a mayar mata da ɗa gidan likita. Baffa ya ce shi yana da zaman kwamitin masallaci, ni in raka shi.

Da safe ya tsare ni a zaure, yana jan tasbaha.

"Ke ɗiyar gidan ga ta. Abin da kunnen gida ya jiya, na waje ba ya jin shi. Yaro ya riga ya tuba, ya bari, to mi za a tona? Liman ya tsuhwa, idon unguwa na bisa gare mu. Ki san abin da za ki hwaɗi."

Na ce to. Ni mai bakin da ya kashe aure, na ce to.

Ɗakin Majo labule ne kawai ya raba shi da bencin masu jira. A kan bencin, daf da labulen, matar ladan ce zaune da jikarta mai zazzaɓi. Matar nan in ta ji magana da hantsi, kafin azahar ta kai har garin Bazaga. Muka gaisa, ta yi mana jaje da idanu masu ƙyalli.

Majo ya ji labarin faɗuwa uku a rana ɗaya, ya ɓata fuska. Ya tambayi Yaya ko yana shan ƙwayar kullum, Yaya ya ce kullum. Sai ya tura shi ɗaya ɗakin a gwada nauyinsa, ya rage ni da shi. Ya jawo kujerarsa kusa, ya yi ƙasa da murya sosai.

"Baiwar Allah, ke kin yi lakwal, za ki gane. In yana shan ƙwayar kullum, ba ya shan komai, kuma yana faɗuwa haka, to ƙwayar ce ta yi masa kaɗan, sai in ƙara. In kuwa akwai giya a ciki, maganar daban ce, ƙarin ma haɗari ne. Ba ni da na'urar da zan duba jininsa a nan. Ke ce na'urata. Yana sha?"

Na kalli labulen. Ina ganin yatsun ƙafar matar ladan ta ƙarƙashinsa, da lalle a jiki.

Majo ya bi idona, ya gane. Ya ce, "Ba sai kin yi magana ba. Ko da kai ki amsa."

Mutumin nan ya share mini hanya har ƙofa. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Kuma na san kwalin ashana, na san Juma'a da Asabar da Lahadi, na san ranar da ya yanke da dalilin da ya sa ya yanke. Sai na ce wa raina, ai yau kwana uku bai sha ba, in na ce ba ya sha ban yi ƙarya ba. Irin lissafin nan na mashaya da nake yi wa dariya, shi na yi. Na girgiza kai.

Sannan ya jawo takarda ya mayar da ƙwayar biyu a rana maimakon ɗaya. Ya ce, "A kan maganarki na ƙara." Ya ce in riƙe maganin a hannuna, in riƙa ba shi da kaina.

Haka na yi, kuma na yi da zafi, irin zafin mai son ta rufe wani abu. Na ɗaure ƙwayoyin a bakin zanena. Kullum bayan magariba in tsaya a kansa da moɗar ruwa, sai ya haɗiye ya buɗe baki na gani. Kwana arba'in suka wuce, azumi ya kama, ya wuce. Bai faɗi ba ko sau ɗaya. Yana yawan gyangyaɗi, harshensa ya ɗan yi nauyi, amma ya yi ƙiba, idonsa ya washe, har tarawihi yake zuwa. Ranar ashirin da bakwai ga azumi ya gyara mini keken ɗinkina da ya shekara yana cin zare, ya ƙi karɓar ko godiya. Baffa ya riƙa gaya wa mutane rubutun Tajaye ne ya yi aiki, sai dai yana da jinkiri. Ni kuma a ɓoye ina cewa aikina ne. Babu wanda ya ce a cikinmu, mutumin nan giya ya bari kuma yana shan maganinsa kullum, abin da aka gaya mana tun ranar farko.

Duk kwanakin nan na san Salla tana zuwa, na kuma san abin da ke bayanta. Sau nawa ina wucewa ta ƙofar gidan likita in na je sayen zare. Ban shiga ba.

Washegarin Salla da hantsi ya fito cikin sabuwar shadda ruwan toka, wadda ni na ɗinka masa. Ya leƙo ɗakina, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Ƙanwata, ƙwayar yau ki bar ta. Gobe ma. Ina da baƙi daga hayi."

Wato ya zo da gaskiyarsa, bisa ga dokarsa ta wauta, yana gaya mini ina za shi. Raina ya ɓaci. Kwana saba'in ina tsaye a kansa, zai je ya zubar da su a rana ɗaya saboda wasu masu ninke riga. Sai wata dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ta fi duk dabarun duniya. Yana tsoron haɗa su, ya faɗa da bakinsa. To bari in sa masa ita a ciki tun yanzu, in ga ƙafar da zai tafi da ita. Na mayar da magani dabaibayi.

Na fito tsakar gida inda Inna take zaune da baƙi mata biyu, na kwance bakin zane, na ɗaga murya.

"Yaya, zo ka sha maganinka kahin ka hita, kar ka yi dare."

Ya dube ni. Ba zai iya ƙi a gaban Inna da baƙi ba, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa ba a faɗinsa a gidanmu. Ya karɓa, ya haɗiye biyun, ya buɗe baki ya nuna mini kamar kullum. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Kin kyauta." Ya sa takalmi ya fita. Na koma ɗaki ina jin daɗin kaina.

Da la'asar sakaliya abokansa biyu suka kawo shi a amalanke, an lulluɓe shi da buhu. Ba tangaɗi yake yi ba irin na da, ba surutu, ba dafa bango. Ɗaukarsa aka yi. A lokacin zaure cike yake da masu zuwa yi wa Baffa barka da Salla, har da 'yan kwamitin masallaci. Baffa ya fito ya gani, ya sa aka zagaya da shi ta ƙofar awaki, aka shigar da shi ƙuryar ɗakin ajiyar hatsi, aka kwantar da shi rigingine a kan tabarma, aka jawo ƙofa.

Na shiga na duba shi. Minshari yake yi, amma ba irin nasa da na sani ba. Ya ja da ƙarfi, ya yi shiru har in ƙirga goma, sannan ya sake ja. Na girgiza shi, na tsunkule shi a hannu, na zuba masa ruwa a fuska. Ko motsi. Leɓensa ya yi duhu. Maganar Majo ta dawo mini kalma bayan kalma.

Na aika aka kira mini Baffa daga zaure. Na ce a kai shi gidan likita yanzu.

"Da wanga wari? Ta cikin mutane, ran yawon Salla? Ke kina da hankali? Bari shi yi kwananai, in ya tashi shi yi wanka. Yau anka hwara?"

"Baffa, ya sha ƙwaya biyu da sahe."

"To ba magani na ba? Magani na kashe mutum?"

Ya gyara hularsa ya koma wurin baƙinsa. Ina jin dariyarsu daga zaure. Inna tana bakin murhu tana cewa a bar shi ya huta, gajiya ce. Ni kuma, da ƙafafuna biyu da bakina, na zauna a bakin ƙofar ɗakin hatsi ina jiran baƙi su ragu. Na ce da sun tashi zan nemo amalanke ko Baffa ya so ko ya ƙi. Wannan ita ce jaruntakata, ta jira zaure ya yi sarari. Ana kiran magariba suka tashi gaba ɗaya zuwa masallaci. A daidai lokacin na lura minsharin ya ɗauke. Inna ta ce, alhamdu lillahi, ya samu barci.

Zaman makokin Yaya ya fi bikin wasu armashi. Baffa ya zauna a tsakiyar tabarma yana ba da labari, duk wanda ya zo sai ya ji daga farko: yaro ya kai azuminsa talatin cif, bai bar tarawihi ba, ya yi Salla da sabuwar riga, ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa cikin barci. Mutane suna girgiza kai suna cewa irin wannan cikawa sai mai rabo. Har da waɗanda suka ɗauko shi a amalanke, suna daga gefe suna cewa amin. Kafin a yi sadakar arba'in aka naɗa Baffa na'ibi, wasu suna cewa haƙurin da ya nuna a kan rashin nan ya isa shaida.

Bayan sadakar bakwai na kwance bakin zanena, sauran ƙwayoyin suna nan. Na sa mayafi na tafi gidan likita. Benci cike da mata. Ban bi layi ba, na yaye labulen gaba ɗaya, na zube ƙwayoyin a teburin Majo, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Majo, shina sha. Ya hi shekara goma shina sha. Ran da kat tambaye ni, ƙarya nay yi maka. Kuma ran da zai mutu ni nib ba shi ƙwaya biyu da hannuna, na san inda za shi."

Ya tashi ya mayar da labulen, ya nuna mini kujera. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni yadda abin ya faru, na gaya masa duka, har kwalin ashana da kwana arba'in da ɗakin hatsi. Ya ce ƙwayar safiyar nan kada in ɗora wa kaina ita fiye da kima, domin maganin yana daɗewa a jini, na kwana saba'in yana jikinsa ko ya sha a ranar ko bai sha ba. Ya ce jikin da ya huta da giya wata biyu da kwana goma ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da, shi kuwa ya sha irin shan da. Na fara jin wani abu yana sauka daga ƙirjina. Sai ya ci gaba.

"Rai na Allah ne, ba zan ce miki da ya rayu ba. Amma faɗuwar nan uku ta yankewar giya ce da tsallake magani. Da kin gyaɗa kai ranar nan, da ban ƙara masa ba, da kuma na zaunar da shi mun yi maganar bayan Salla tun kafin ta zo. Da kun kawo shi da la'asar ɗin ma, da mun gwada abin da muke iyawa."

Ya tattara ƙwayoyin da gefen hannunsa ya zuba a kwalba, ya ce na gaba ya shigo.

Da na fito, matan benci suka bi ni da kallo. Rabinsu, mazajensu sun sha ɗauko Yaya a kan babur. Na ji wata tana cewa, Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa ta, ga shi har tana yi wa mamaci ƙazafi. Wata ta ce, bawan Allah da ya cika da azumi talatin. Sirrin da na saya da ran yayana, na zo na zubar da shi a bainar jama'a, babu ma mai ɗauka.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta ga idona, ta ce ina na je, me ya same ni. Na dubi tsohuwar nan da ta rage da ni kaɗai, na buɗe baki.

Na ce, "Babu komi, Inna. Gajiya ta."